Ajiya maganin wata rana: Darasin da na koya ranar da tsohuwar kwamfutata ta gaza

A wani dare cikin watan Afrilun 2025, lokacin da zafin bazara ya kai inda ya kai a Jega, ina zaune a ɗakin karatuna ina duba aikin wani ɗalibi, sai na ji wata 'yar ƙara tana fitowa daga ƙarƙashin teburi: ƙas, ƙas, ƙas, ta yi shiru, can kuma ta dawo. Da farko na ɗauka gyare ne ya samu maɓoya. Da na sunkuya na kasa kunne, sai na gane daga cikin tsohuwar kwamfutata take fitowa. Na nemi buɗe wata jakar bayanai daga laftof ɗina kamar yadda na saba yi kullum, abu ya ƙi. Na kashe tsohuwar na kunna, na sake kashewa na kunna, har wajen sau shida. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kafin mai karatu ya ce mene ne abin hana barci a lalacewar kwamfuta, bari in faɗi ko wace ce ita. Na saye ta gwanjo a Sakkwato a 2013, shekarar da na fara karatun digiri na uku a fannin aikin gona. Irin mai babban akwatin nan ce ta ofis. Bayan 'yan shekaru na daina aiki a kanta kai tsaye, na cire mata allo, na tura ta ƙarƙashin teburi, na haɗa ta da na'urar raba intanet ta gida, wato rauta. Daga nan aikinta ya koma guda ɗaya: ta riƙe kaya, ta miƙa wa duk waya ko laftof ɗin da ya nema a cikin gidan. Irin wannan kwamfuta da ba a zama a gabanta ita masana ke kira saba. Shekara goma sha biyu tana wannan hidima, ban taɓa tunanin ranar da za ta gaji ba.

A cikinta akwai awon da ni da ɗalibaina muka yi ta tattarawa tun 2014 a gonakin albasa na Aliero da fadamun Jega da ƙauyukan Maiyama. Akwai kundina na digiri, da kundayen ɗaliban da na duba, da hotunan iyali tun daga ranar aurena, da hoton takardun gonakinmu na gado. Akwai kuma abin da ya fi min waɗannan duka: muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2016. Ya bar kaset talatin da ɗaya na karatun da yake bayarwa a zaurensa a Maiyama, na bi su ɗaya bayan ɗaya na mayar da su cikin kwamfuta. Waɗanda zarensu ya riga ya fara manne wa juna, da na gama kwashe su sai na zubar, a ganina ai an riga an tsirar da abin da ke ciki.

Abin da mai gyara ya gaya mini

Da gari ya waye na ɗauke ta na kai wa wani matashi mai gyaran kwamfuta a cikin gari. Ya kunna ta sau ɗaya, yana jin ƙarar ya zare wayar wuta. Ya ce, “Dakta, sau nawa ka kunna ta bayan ta fara wannan kukan?” Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

Bayanin da ya yi mini ya cancanci kowa ya ji shi. Faifan ajiya na kwamfuta, irin wanda ake kira had-dis, wasu 'yan faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a kowane minti, da wata allura mai shawagi a kansu tana karatu da rubutu ba tare da ta taɓa su ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Idan aka ji wannan ƙas-ƙas, galibi allurar ce ta kasa gane hanyarta, kuma duk kunnawar da aka ƙara, tana iya kartar farantin ta tafi da abin da ke kansa. Ke nan abin da ya kamata in yi a daren shi ne in kashe ta in bar ta. Ni da hannuna na ƙara wa ciwon gishiri.

Na ce masa hankalina bai tashi sosai ba, domin akwai faifai na biyu a cikin akwatin, wanda nake kwafe komai a kansa. Ya buɗe na biyun ya duba, sai ya juyo mini da allo. Kwafin ƙarshe da na yi yana ɗauke da kwanan watan Nuwamban 2022. Ya ce, “Dakta, ai wannan ajiyar taka ta kwana biyu.” Ni da na rantse bai fi 'yan watanni ba.

Kwana huɗu ya yi yana lallaba faifan da ya lalace, yana kwashe abin da ya yarda ya fito. Alhamdulillahi, mafi yawa ya fito. Awon albasar 2024 ya tafi, amma muka sake gina shi daga littattafan rubutun da ɗalibai suka riƙa shiga gona da su. Takarda da biro suka fitar da mu kunya. Kaset tara kuwa na mahaifina, waɗanda na kwashe a 2023 na zubar da asalinsu, ba su dawo ba, kuma ba za su dawo ba.

Abin kunyar shi ne, sana'ata ke nan. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban ɗalibai a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ina yi musu bayanin asarar amfanin gona bayan girbi. Kowane manomin albasa a garin ya san ba a zuba albasa a rudu, wato ma'ajiyar nan ta kara da ciyawa, a juya baya sai ranar kai wa kasuwa. Ana leƙawa, ana tsince wadda ta fara ruɓewa. Ni kuwa na zuba tawa kusan shekara biyu da rabi ban leƙa ba.

Me ya sa ban gyara tsohuwar ba

Hanya mafi sauƙi ita ce in sayi sabon faifai in saka mata, mu ci gaba daga inda muka tsaya. Dalilai uku suka hana ni.

Na farko, shekarunta. Da mai gyara ya buɗe cikinta, ƙurar hunturun shekara goma sha biyu ta yi dam a kan fankokinta kamar auduga. Faifai ne ya fara gazawa, amma sashen da ke raba mata wuta da fankokin duk sa'anninsa ne.

Na biyu, manhajarta. Windows 7 take amfani da ita, wadda kamfanin Microsoft ya daina aiko mata da gyaran tsaro tun Janairun 2020. Wato shekara biyar ina da ɗaki cike da kaya wanda aka daina gyara masa ƙofa, ga shi kuma a jone da intanet.

Na uku, wuta. Irin wannan kwamfuta takan ja kimanin wat 90. Idan ta kwana ta wuni a kunne tsawon wata, yunit 65 ke nan. A da ba na wannan lissafi. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kowane magidanci ya koyi ƙidaya abin da ke cin wuta a gidansa, ko da shi ba ya cikin wancan rukuni. A gida irin nawa da ya dogara da sola da batir idan dare ya yi, abin da take sha cikin awa goma ya isa ya juya fankar yara har asuba.

Gajimare ko akwati

Wani abokin aikina ya ce in huta da wahala, in zuba komai a rumbunan manyan kamfanoni na intanet, abin da ake kira gajimare. Shawara ce mai kyau ga wanda kayansa ba su da yawa. Google na bai wa kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi rubuce-rubucen mutum na shekaru. Amma nawa kayan sun kusa terabait 2, wato gigabait 2,000. Na yi lissafi: ko da sabis ya tsaya cak a kan gudun megabit 5 a daƙiƙa, ba yankewa, sai na yi kwana 37 dare da rana ina turawa kafin in gama. Ban sa kuɗin data ba, ban sa kuɗin hayar wata-wata ba, wanda ke bin farashin dala.

Bayan tsada akwai maganar isa ga kayanka lokacin da kake bukata. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a maƙwabciyarmu Jihar Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni ba sabis. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka wuni cikin tangarɗa. Su kansu kamfanonin sukan sauya sharaɗi: a Yunin 2021 Google ya kawo ƙarshen ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Rumbunansu ma gine-gine ne irin na kowa. A Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin rumbunan kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka tafka asara. Gajimare yana da amfani, ina kuma amfani da shi, amma ba zan miƙa masa amanata shi kaɗai ba.

Sai na koma ga abin da 'yan kasuwa ke kira NAS, wato akwatin ajiya da ake jonawa da sadarwar gida. Ɗan ƙaramin akwati ne da bai kai girman galan ba, ba shi da allo, ba shi da madannai. Ana zura masa faifai biyu ko fiye, a haɗa shi da rauta da waya, sai duk na'urorin gidan su riƙa ganinsa. Ko babu intanet yana aiki, domin zancen tsakaninsa da na'urorin gida ne kawai. Kamfanoni irin su Synology da QNAP na ƙasar Taiwan sun yi suna wajen ƙera shi. Aikin da tsohuwar kwamfutata ke yi shi yake yi, sai dai shi don wannan aikin aka gina shi. Mai faifai biyu yakan ja kimanin wat 20, wato kimanin yunit 15 a wata maimakon 65.

Na sa masa faifai biyu masu terabait 4 kowanne, na saita su a kan tsarin madubi: duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ana rubuta shi a ɗayan. Saboda haka wurin ajiyar da nake da shi terabait 4 ne, ba 8 ba. Wannan dabara ta haɗa faifai da yawa su rufa wa juna asiri, wadda ake kira RAID, wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka fito da sunanta a 1987. Idan faifai ɗaya ya mutu, akwatin zai yi ƙara ya aiko da saƙo, a zare mataccen a zura sabo, aiki bai tsaya ba. Da gangan na sayi faifan biyu a shaguna daban-daban, domin waɗanda aka ƙera rana ɗaya, suka yi aiki iri ɗaya, suna iya gazawa kusa da juna.

Wanda zai sayi irin wannan akwati a yankinmu ya san cewa ba don yanayinmu aka ƙera shi ba. Masu ƙera shi sukan rubuta cewa kada zafin ɗaki ya wuce digiri 40, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu wannan abincin yau da kullum ne. Don haka na ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, a kan kanta nesa da ƙasa, na kuma saita shi ya riƙa kashe kansa daga hantsi zuwa bayan la'asar a watannin bazara. Da hunturu ina share masa ƙura duk mako biyu. Na sa masa ƙaramin batirin kariya, irin wanda ake kira UPS, wanda idan an ɗauke wuta yake sanar da akwatin ya rufe kansa a tsanake, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu na lalata bayanai. Idan hadarin farkon damina ya taso da tsawa kuwa, zare wayoyinsa nake yi gaba ɗaya.

Akwati ɗaya, ajiya ɗaya

Ranar da na gama kwashe kayana cikin sabon akwatin, na ji wani sanyi a raina, irin wanda na ji a 2013. A nan ne na tsorata, domin wannan sanyin ne ya kai ni ga asara.

Faifai biyu a cikin akwati ɗaya suna maganin abu guda ne tak: mutuwar faifai. Idan yaro ya goge jaka bisa kuskure, madubin zai goge ta a faifan biyu lokaci guda. Idan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona akwatin, duka biyun suna ciki. Ɓarawo ba zai zare ɗaya ya bar maka ɗaya ba. Mu da ke zaune a bakin Gulbin Zamfara, muka kuma ga abin da ambaliyar daminar 2020 ta yi wa gonaki da gidaje a Jihar Kebbi, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan ruwa. Kuskurena na farko shi ne ajiye kwafi a ciki ɗaya da asali, kuma saura kaɗan in maimaita shi da na'ura mai tsada.

Masana harkar suna da wata ƙa'ida da suke taƙaitawa da 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Da na karanta ta sai na ga ai mu a ƙasar Gwandu ba baƙuwarmu ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rasu a 1829, amma littattafansa irin su Diya'ut Ta'wil da Tazyinul Waraƙat sun iso gare mu. Takardar da ya yi rubutu a kanta ba ta fi ta kowa ƙarfi ba, gara da ruwa da gobara ba su san malami ba. Abin da ya tsirar da su shi ne almajirai sun zauna sun kwafa da hannu, kowa ya tafi garinsu da nasa, wani kuma ya kwafa daga nasa. Shi ya sa a yau ake samun rubuce-rubucen malaman jihadi a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da gafakokin gidajen malamai a garuruwa masu yawa. In ɗaya ta salwanta, wata na nan.

Magabatan nan suna da wata al'ada kuma da ta fi ba ni sha'awa, wato muƙabala. Idan mai kwafi ya gama, sai a zauna, wani na karanta asali, wani na bin kwafin da ido, a gyara inda aka tsallake. Sau da yawa mai kwafin yakan rubuta sunansa da ranar da ya gama a ƙarshen littafin. Kwafin da ba a gwada da asali ba, ba a gama yarda da shi ba. Da na yi wa faifaina na biyu muƙabala ko sau ɗaya a shekara, da na ga wancan kwanan wata na Nuwamban 2022 tun kafin mai gyara ya nuna mini shi.

Ga tsarin da na koma a kai. Akwatin yana gida a Jega. Kayan aikina na bincike suna da kwafi a wani ƙaramin faifai na tafi-da-gidanka da ke kulle a durowata a Aliero, ina sabunta shi duk ranar Alhamis. Sannan ina da wasu faifai biyu da ke ɗauke da komai da komai, suna karɓa-karɓa: ɗaya na gida yana karɓar sabon kwafi, ɗaya na Maiyama. Duk ƙarshen wata idan na je gaida mahaifiyata, sai in kai sabo in ɗauko tsoho. A jikin kowanne na manna takarda ina rubuta ranar kwafi. Kafin in kai, sai na buɗe fayil goma daga wurare daban-daban na tabbatar suna buɗuwa. Takardun gona da shaidar karatu, da yake ba su da nauyi, su ne na ƙara turawa gajimare, asalinsu na takarda kuma yana nan a adane.

Ranar da na fara kai faifan Maiyama, na roƙi Inna ta sa mini shi a adakarta. Ta jujjuya shi a hannu ta ce, “Wanga ɗan abu, mi ac cikinai?” Na ce, “Inna, har da karatun Malam.” Ba ta ƙara tambaya ba. Ta naɗe shi a ƙyalle ta sa shi kusa da gafakarsa. Tun daga ranar, in wata ya ƙare ban zo ba, ita ke aiko a tuna mini.

Ƙofa da makulli

Masu sayar da waɗannan akwatuna sukan yi tallar cewa kana iya buɗe kayanka daga ko'ina a duniya. Gaskiya ne, amma ƙofar da za ka shiga daga nesa, wani ma na iya gwada ta. A Yunin 2021 masu amfani da wani tsohon akwatin ajiya na kamfanin Western Digital mai suna My Book Live suka wayi gari an share musu komai ta intanet. Akwatin ya yi shekaru ba a aiko masa da gyaran tsaro ba. A Janairun 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta bi akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet tana kulle bayanan mutane, ana neman kuɗin fansa kafin a sake su. Garkuwa ke nan, sai dai da bayanai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nawa akwatin ban buɗe masa ƙofar waje ba, na sauya kalmar sirrin da ya zo da ita, ina kuma karɓar gyaran tsaro duk lokacin da aka aiko. Faifan da ke kwance a adakar Inna kuwa, babu ɗan damfarar da zai kai gare shi ta waya.

Akwai kuma haƙƙin mutane. A cikin kayana akwai sunaye da lambobin wayar manoman da suka amsa mana tambayoyi, da makin ɗalibai, da hotunan matan gidanmu. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe bayanan wasu, kafin ita kuma addini ya riga ya kira abin da sunansa, amana. Saboda haka faifan da ke fita daga gida a kulle suke da kalmar sirri. Mataccen faifan kuma ban jefar da shi a bola ba, ban sayar wa 'yan gwangwan ba. Sai da na sa aka huda shi da na'urar huda ƙarfe. Goge fayil ko yi wa faifai fomat na gaggawa ba ya hana mai ilmin abin ya dawo da shi. Duk mai sayar da tsohuwar waya ko kwamfuta ya riƙe wannan.

Saura tambayar da uwargidana ta yi mini, wadda ban shirya mata ba. Tana kallona ina ta saite-saite, sai ta ce, “Malam, duk wannan kulle-kullen, in ta Allah ta kasance, mu ta ina za mu fara?” Na rasa amsa. Mahaifina ya bar gafaka da kaset, duk wanda ya iya karatu ko yake da rediyo zai amfana. Ni kuwa ina shirin barin akwatin da ba mai iya buɗewa sai ni. A makon nan na rubuta takarda shafi biyu da Hausa: mene ne a ina, wace kalma ke buɗe me, wa za a kira idan abu ya gagara. Kwafi ɗaya na wurinta, ɗaya na wurin yayana a cikin ambulan. Na kuma sa ta zauna ta nemo takardar gonarmu da kanta ina gefe ban ce uffan ba. Ta samo ta.

Ga wanda ba shi da kuɗin akwati

Na san wani zai ce wannan hira ce ta masu albashi. Yana da gaskiya, akwatin da faifansa sun ci mini abin da na daɗe ina jin zafinsa, kuma mafi yawan masu karanta wannan shafi ba sa bukatarsa. Wanda ke da kaya masu yawa da na'urori da yawa a gida ko ƙaramin ofis, shi zai amfana da shi. Amma darasin bai tsaya ga mai akwati ba.

Babu shekarar da za ta wuce ba a samu ɗalibin da zai shigo ofishina ido ya yi ja, ana saura mako biyu ya kare kundinsa, ya ce an sace laftof, ko filashi ya ɗauko cuta a shagon buga takardu, ko waya ta faɗa ruwa. Ɗalibi, kundinka gaba ɗaya bai kai nauyin bidiyon biki ɗaya ba. Duk ranar Juma'a ka tura wa kanka shi ta imel, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin. Ka riƙe kwafi a filashi, wani kuma a wayar ɗan'uwanka da ba ɗaki ɗaya kuke kwana ba. Ka yi hattara da filashi da memori masu arhar banza, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, sai ka cika su ka tarar rabin kayan babu. Ka gwada kafin ka yarda. Babin da ka gama, ka buga shi a takarda. Lokaci-lokaci kuma ka buɗe kwafin ka gani da idonka.

Ga sassan jami'o'i da kwalejojinmu, shawarata ita ce kowane sashe ya mallaki ma'ajiya irin wannan, da mutum ɗaya sananne da aka ɗora wa alhakin kwafi da dubawa, domin binciken da aka yi da kuɗin jama'a bai kamata ya rataya a kan laftof ɗin malami ɗaya ba. Ga gidajen malamai na Jega da Aliero da Maiyama da ke riƙe da rubuce-rubucen kakanni da kaset na iyaye, wayar da ke aljihunku ta isa ta ɗauki hoton kowane shafi. Ku ɗauka, ku raba wa 'yan'uwa a garuruwa daban-daban, kuma kada ku zubar da asali kamar yadda na yi.

Karatun mahaifina ashirin da biyu da suka tsira, yanzu suna Jega, suna Maiyama, suna kuma wurin ƙannena biyu a Birnin Kebbi da Sakkwato. Tara ɗin da suka tafi, na yi ta tambayar tsofaffin almajiransa ko akwai wanda ya taɓa kwafar kaset a wurinsa, har yanzu ban dace ba. Idan Allah ya sa wani a cikinsu ya karanta wannan, ya san inda gidanmu yake. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.